An kawo mini takardar shaidar mai son zama fasto, hannuna ya ƙi sa hannu

Dattijo:
Salamar Ubangiji gare ku duka. Shawara nake nema, kuma ba zan faɗi gari ko ikkilisiya ba don kada a gane yaron.

Akwai wani matashi a wurinmu da ya ce Allah ya kira shi aikin kiwon garke, har ya sayi fom na makarantar tauhidi. A ciki akwai shafin da dattawa za su shaida halinsa. Fasto ya sa hannu, sauran dattawa sun sa, saura ni. Maganar baiwa kam babu gardama. In ya hau bagade ranar Lahadin matasa, har masu gyangyaɗi a bencin baya sai sun wartsake. Ayoyi a bakinsa suke, ga murya, ga iya addu'a.

Amma ga abin da na sani. Kuɗin ankon matasa da ya tara tun Kirsimetin bara har yau bai kawo lissafi ba, in an tambaye shi sai ya hau faɗa. Mai shagon bakin layinmu, wanda Musulmi ne, ya tare ni ya buɗe mini littafin bashi, ya sa yatsa a kan sunan yaron ya ce, "Baba, wannan ne aka ce zai zama limaminku?" Sannan da kunnena na ji yadda yake ɗaga wa mahaifiyarsa murya. Mahaifinsa marigayi yana cikin waɗanda suka ɗauko dutsen harsashin majami'armu a ka, shi ya sa kowa ke jin nauyi. In sa hannu ko in ƙi?

Mamar Zumunta:
Baba, kada ku sa. Yaron da ke yi wa uwar da ta haife shi tsawa, mu matan zumunta me zai yi mana in ya sa kwala? Hali zanen dutse ne.

Ɗalibin Tauhidi:
Mama, ku gafarce ni, amma in hali zanen dutse ne, to me muke wa'azinsa kowace Lahadi? 2 Korintiyawa 5:17 ta ce duk wanda ke cikin Almasihu sabuwar halitta ne. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, ya sare kunnen mutum da takobi, amma shi aka ce wa ya yi kiwon tumaki a Yahaya 21. Da dattawan wasu ikkilisiyoyinmu ne za su cike masa fom, da har yau yana kamun kifi.

Kuma Baba Dattijo, ba da ku nake ba, amma bari in faɗi abin da mu matasa ke gani. Kalmar nan "bai yi girma cikin ruhu ba" ta zama sandar da ake korar duk wanda bai iya durƙusa wa manya ba, ko wanda ba ɗan ƙabilar masu rinjaye a ikkilisiya ba ne. Rowland Bingham, ɗan mishan ɗin da ya kafa mishan ta SIM, bai wuce shekara 21 ba da suka sauka Legas a 1893 shi da Walter Gowans da Thomas Kent. Byang Kato, haifaffen Kwoi a 1936, ya zama babban sakataren ɗarikar ikkilisiyoyin ECWA a 1967 yana ɗan shekara talatin da ɗoriya. Bulus da kansa ya ce wa Timoti kada ya bari kowa ya rena ƙuruciyarsa. Ku bar shi ya je, makaranta za ta gyara shi.

Mamar Zumunta:
Ɗana, na ji, kuma na yarda Yesu yana canza mutum, ni ma ba haka nake da ba. Amma Bitrus da ka kawo, ai fita ya yi ya yi kuka mai zafi. Wannan yaron ya yi kukan? Ko ana tambayarsa kuɗi yana zare ido?

Malamin Makarantar Baibul:
Bari in yi magana a kan "makaranta za ta gyara shi", tunda abincina ke nan.

Abin da muke iya ba ɗalibi shi ne Girkanci da Ibrananci, tarihin ikkilisiya, yadda ake fassara nassi, yadda ake shirya wa'azi. Muna da sujadar safe, muna tura su aikin gwaji a ikkilisiyoyi lokacin hutu. Amma yaro mai wayo ya san sa'ad da malami ke kallo. Zai iya yin shekara huɗu yana gaishe mu da hannu biyu, mu ba shi takarda, ba mu taɓa ganin fuskar da yake nuna wa ƙannensa a gida ba. Ku ne kuka san ta. Wannan shafin da Baba ke riƙe da shi, an sa shi a fom ne daidai don abin da jarrabawa ba za ta nuna mana ba.

Abin da ke damuna shi ne, takardun shaida da ke zuwa mana kusan duk baki ɗaya ne: mai ladabi, mai himma, muna goyon bayansa. Sai bayan wani abu ya fashe, ka kira ikkilisiyar, dattijo ya ce maka, "Ai mun san halinsa tun da, mun ce ko can zai shiryu." Wato an turo mana shi ne don a huta da shi. Mu kuma mu yaye shi, a tura shi wani ƙauye inda ba wanda ya san shi, a danƙa masa kuɗin baikon majami'a da matan mutane da 'ya'yansu.

Ɗalibi, ayar da ka kawo, 1 Timoti 4:12, ka ƙarasa ta. Hanyar da Bulus ya ba Timoti ta hana a rena shi ita ce ya zama gurbi ga masu bi cikin magana, da hali, da ƙauna, da bangaskiya, da tsarki. Ba a ambaci iya wa'azi a wannan jerin ba.

Ɗalibin Tauhidi:
Na karɓa, Malam. Amma maganar ƙabilanci da na yi, ba wanda ya taɓa ta.

Ɗan Kwaya:
Gaskiya ce ya faɗa. Ku je ku ga lokacin zaɓen shugabanni na gunduma. Manyan da ke auna halin yara su ne ke yawon gida gida da dare suna neman ƙuri'a.

Tsohon Rabaran:
'Ya'yana, na karanta duka. Ɗalibi da Ɗan Kwaya, ba ku yi ƙarya ba. Na zauna a tarukan da aka ƙi mutum don yarensa, aka lulluɓe abin da ayar Littafi. Zunubi ne, kuma za mu amsa shi a gaban Mai garken. Sai dai idan wasu suna zambar mudu, maganin shi ne a koma ga mudun gaskiya, kuma muna da shi a 1 Timoti 3:1-7 da Titus 1:5-9.

Ku buɗe ku karanta a hankali. Marar abin zargi, mijin mace ɗaya, mai kamunkai, natsattse, mai karɓar baƙi, mai iya koyarwa, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mafaɗaci ba, ba mai son kuɗi ba, mai riƙe gidansa da kyau, ba sabon tuba ba. In ka cire iya koyarwa, sauran duka hali ne da zaman gida. Ba a tambayi ƙabila ba, ba a tambayi wane ne ubansa ba, haka kuma ba a tambayi ko yana sa mutane kuka in yana addu'a ba. Mu ne muka juya abin, muka ɗauki guda ɗayan nan muka mai da shi duka.

Sannan aya ta 7 ta 1 Timoti 3, wadda mu a Arewa ya kamata mu fi kowa riƙe ta: lalle ya kasance da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ke waje. Su wane ne na waje a wurinmu? Mai shagon nan ne da littafin bashinsa. Ba zai taɓa shiga majami'a ya ji wa'azin yaron ba, abin da ya sani game da Almasihu shi ne shafin nan da ba a soke ba. Bulus ya ba wa irin wannan mutum ƙuri'a a zaɓen shugaban ikkilisiya, mu kuwa muna so mu ƙwace ta.

Baiwa da girma cikin ruhu abu biyu ne. Ikkilisiyar Korinti, Bulus ya ce ba su rasa wata baiwa ba, a 1 Korintiyawa sura 1 ke nan. A sura 3 ya ce musu jarirai, masu halin jiki, don kishi da jayayya na tsakaninsu. Mutanen nan ɗaya ne fa. Baiwa kyauta ce, tana iya sauka wa mutum rana ɗaya. Amma ƙauna, haƙuri, aminci, tawali'u, kamunkai da ke Galatiyawa 5:22-23, sai an zauna da Ubangiji, an sha gyara, an sha kunya, an tuba an sake tuba. Ubangiji kuma ya yi gargaɗi a Matiyu 7 cewa a ranar ƙarshe akwai masu cewa sun yi annabci sun fitar da aljanu da sunansa, ya ce bai taɓa saninsu ba. Wannan ayar ta fi ba ni tsoro yanzu da na tsufa fiye da lokacin da nake saurayi.

Iyayenmu da suka kai bishara ƙauyuka, tun daga lokacin da aka kafa ƙungiyar masu bishara ta 'yan ƙasa a 1948, wadda yau ake kira EMS, sashen bishara na ECWA, da yawansu karatunsu bai wuce su iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 ba. Noma suke yi su ci. Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne mutanen gari sun ga ba sa ƙarya, ba sa taɓa matar wani, in an ba su ajiya za a same ta yadda aka bari. Ba ina kushe karatu ba ne, ni ma na yi, kuma muna bukatarsa ƙwarai. Amma na ga masu digiri sun watsa ikkilisiyoyin da marasa takarda suka tara.

Matar Fasto:
Baba Rabaran, Allah ya ƙara muku lafiya. Ina so in ƙara abu ɗaya daga ɓangarenmu.

Ba a taɓa tambayarmu. Ana tantance mutum don lasisi, ana tantance shi don naɗi, za a tambaye shi koyarwar Triniti da baftisma, amma da wuya a kira matarsa ita kaɗai a ce, "Yaya yake a gida?" Ni Allah ya ba ni miji mai tsoronsa, ina godiya. Amma a taron matan fastoci na zauna kusa da wata 'yar'uwa da ta ja ɗankwalinta har kan gira cikin zafin Afrilu. Da muka keɓe ta ɗaga, ga kumburi. Ranar Lahadin da ta biyo baya mijin ya yi wa'azi a kan Afisawa 5. Ta ce mini ba za ta iya faɗa wa kowa ba, don in aka dakatar da shi, gidan da suke ciki na ikkilisiya ne, ina za ta kai yara?

Baba Dattijo, muryar da yake ɗaga wa uwarsa yau, wata yarinya ce za ta gaje ta. Ku tuna da ita ma, ko da ba a san ko wace ce ba tukuna.

Ma'aji:
A kan kuɗi kuma, mu ma mu duba kanmu. Akwai fastocin ƙauye da ke yin watanni ba albashi, yaro ba lafiya, ga kwanon baiko a ɗakinsa yake kwana. 1 Timoti 5:18 ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Ba ina wanke ɓarawo ba ne, Gehazi baran annabi Elisha bai tsira ba don ya ce yana da bukata. Amma ikkilisiyar da ke barin mutum ɗaya ya karɓi kuɗi, ya ƙirga, ya ajiye, ya kashe, ita ma da hannunta a ciki. Wa ya bar wa yaron nan kuɗin anko shi kaɗai ba mataimaki ba rasit?

Dattijo:
Mu ne, Ma'aji. Ganin ƙwazonsa ya sa aka sakar masa komai.

'Yar Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Nan wurinmu masu bi kaɗan ne, saboda haka fasto ba shi da wurin ɓuya. Gari duka sun san shi, sun san matarsa da ɗiyansa, sun san ko yana biyan mai ruwa. In ya yi abin kunya ba a cewa wane ya yi, cewa ake Kirista sun yi. A Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, abin da ya riƙe mutane shi ne shugabannin da suka tsaya gaban jama'a suka yi maganar gafara alhali gidajensu ma toka ne. Wanda bai iya haɗiye fushi a kan tambayar kuɗin anko ba, ban san abin da zai gaya wa matasa ba a irin wannan rana.

Mai Bishara:
Haka ne 'yar'uwa. Ni abin da ke zuwa mini a rai shi ne Rabaran Lawan Andimi na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya), shugaban CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, na Michika a jihar Adamawa, da Boko Haram suka kama a farkon Janairun 2020 suka kashe shi a cikin watan. Duk wanda ya ga bidiyonsa da aka fitar bayan an kama shi ya ga mutum a hannun masu kisa yana magana a natse, yana cewa komai a hannun Allah yake, yana roƙon a kula da iyalinsa. Irin wannan natsuwa ba a ranar aka samo ta ba. A yankunanmu kiran fasto yana iya kai mutum har can, ya kamata mai sa hannu a fom ya san abin da yake tura yaro gare shi.

Ɗalibin Tauhidi:
To na ji duka, kuma jikina ya yi sanyi. Amma ina da tambaya. In Baba ya ƙi sa hannu, sai me? Na san wani abokina da aka ƙi haka, ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa dalili. Yau yana da nasa coci a wani shago, shi ne fasto, shi ne bishop, ba mai tambayarsa komai. An rage matsala ko an ƙara?

Tsohon Rabaran:
Tambayarka ita ce ta fi duk abin da na rubuta a sama, ɗana.

Ku tuna da Yahaya Markus. Ya bi Bulus da Barnaba tafiyar farko, da suka kai Bamfiliya ya juya ya koma Urushalima. Da za a sake fita, Bulus ya ce ba za a tafi da shi ba, gardama ta yi zafi har manyan nan biyu suka rabu, Ayyukan Manzanni 15 ke nan. Bulus yana da gaskiya, yaron bai isa ba tukuna. Amma Barnaba bai bar shi a titi ba, ya ɗauke shi suka tafi Kubrus. Bayan shekaru, Bulus ɗin nan da ya ƙi shi ya rubuta wa Timoti daga kurkuku ya ce a zo masa da Markus, gama yana da amfani a gare shi wajen hidima.

Saboda haka Dattijo, ɗan'uwana, shawarata ita ce kada ka sa hannu bana. 1 Timoti 5:22 ta hana gaggawar ɗora wa mutum hannu, don kada ka yi tarayya cikin zunubin wani. Amma kada ka ɓuya a bayan fasto, kada kuma yaron ya ji a bakin mutane. Kira shi gidanka, ku biyu. Faɗa masa kai ma ka ga baiwar, don gaskiya ce. Sannan ka lissafa masa abubuwan nan uku da sunansu. Ya kawo lissafin anko gaban matasa, abin da ya ci ya biya ko da kaɗan kaɗan ne. Ya je da ƙafarsa wurin mai shago. Ya durƙusa wa uwarsa. Yadda zai karɓi wannan magana shi ne jarrabawar gaske. In ya ji zafi ya tafi, ya kwana biyu ya dawo, akwai fata sosai. In kuwa ya fara zagayawa yana cewa dattawa na yaƙi da shafewarsa, to ka samu amsarka.

Kuma ka sani, ranar da ka ƙi sa hannu ka ɗauki kaya. Yaron ba shi da uba. Ba daidai ba ne ka hana shi tafiya sannan ka bar shi yadda ka same shi.

Mai Bishara:
In ya yarda, a turo mini shi damina ɗaya. Masu sujada a wurina ba su cika benci biyar ba, ba makirfo, ba mai tafa masa. Zai yi noma da safe, ya koya wa yara karatu da yamma, ya raka ni gaida marasa lafiya. Gero da miyar kuka ba za su gagara ba.

Dattijo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Rabaran, maganarku ta ƙarshe ta shige ni. Zan fara ganin fasto, don kada ya zama na yi gaban kaina, sannan in kira yaron. Mai Bishara, zan neme ka ta akwatin saƙo. Ku sa mu a addu'a, musamman mahaifiyarsa, don ita ta fi kowa ɗokin ganin ya tafi makarantar nan.

Ɗan Kwaya:
Wannan na mai shirin shiga ne. Waɗanda suka riga suka shiga fa? Ɗan kwaya, mawaƙin majami'a, in ya yi wa yarinya ciki, a gaban jama'a ake sanar da horonsa, ya koma bencin baya, ba jibin Ubangiji. Babba in ya yi, sai mu ji an yi masa canjin wurin aiki.

Malamin Makarantar Baibul:
Nassi bai san wannan bambancin ba, in ma akwai to a kan babba ya fi tsanani. Yakubu 3:1 ta ce mu masu koyarwa za a yi mana shari'a mafi tsanani. 1 Timoti 5:19-20 ta kafa abu biyu tare: kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, don a kare shi daga ƙazafi, amma wanda ya nace da zunubi a tsauta masa a gaban kowa. Mun riƙe rabin farko da kyau. Eli firist ma ya san abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas ke yi a ƙofar alfarwa, ya yi musu magana mai laushi ya bar su a kan aiki, kuma kun san yadda gidansa ya ƙare.

Matar Fasto:
Malam, in za a yi haka, a haɗa da tanadin matar da yaran. Muddin dakatar da miji yana nufin a fitar da kayanta waje, ba za ta buɗe baki ba, kuma ba za ku taɓa samun shaidu biyun nan ba.

Ma'aji:
Wannan abu ne da za a iya sa wa a kasafin shekara. Zan kai shi zaman kwamitinmu na wata mai zuwa. Akwai wanda ikkilisiyarsu ta taɓa ware irin wannan kuɗi, ya gaya mana yadda suka tsara shi, da kuma wa ke riƙe da shi?